Wa Ya Ɗinka Rigar Sojan Ruwa?

 

Abin da zan yi magana a kansa yau riga ce, rigar da ƙananan sojojin ruwa na Turai suka sa a jikinsu tun zamanin da iska ke tura jiragen yaƙi. Duk wanda ya taɓa kallon faretin sojan ruwa, ko a fili ko a talabijin, ya san siffarta: taguwa mai faffaɗar kwala mai kusurwa huɗu kwance a gadon baya, da farin layi uku a bakin kwalar, sannan ta ƙirji ana hango rigar ciki, fara a wajen Turawan Ingila, mai ratsin shuɗi da fari a wajen Faransawa da Rashawa. Rundunar sojan ruwan Najeriya, wadda aka kafa a 1956, ta gaji wannan kwala daga Birtaniya, don haka ba baƙuwar aba ce a idonmu ba. In ka tambayi dalilin layukan nan, amsar da aka fi bayarwa ta jarumai ce. Wai ukun da ke kan kwala yaƙe-yaƙe uku ne da Nelson, kwamandan jiragen yaƙin Birtaniya, ya ci, ratsi 21 na rigar Faransa kuwa nasarorin sarkinsu Napoleon ne. Ni a nawa matsayin, an ɗauko tarihin ne ta wutsiya. Aiki ne ya fara fitar da siffar rigar a hannun matuƙan da ke sa ta, daga baya hukuma ta buga mata hatimi saboda buƙatunta na lafiya da lissafi da horo, sai can daga ƙarshe aka ƙaga mata tatsuniya. Zan bi waɗannan matakai uku da hujjojinsu, sannan in tsaya in amsa abin da mai ja da ni zai iya kawowa.

Mu fara da shekaru biyu da ba a jayayya a kansu. A 1748 hukumar sojan ruwan Birtaniya ta tsara wa hafsoshinta kayan sarki, shuɗi da fari. Ƙananan matuƙa kuwa, waɗanda su ne mafi yawan mutanen kowane jirgi, ba a yi musu nasu ba sai a 1857. Tsakanin nan akwai shekara 109, kuma a cikinsu ne Birtaniya ta yi manyan yaƙe-yaƙenta na teku, har da na Trafalgar a 1805 inda aka kashe Nelson. Ke nan mutanen da suka ja igiya suka cusa albarushi a igwa a ƙarƙashin Nelson ba su san wata riga da doka ta wajabta musu ba. Mutum yakan hau jirgi da abin da ke jikinsa, wani ma da tsummokaran da aka kamo shi da su a bakin tasha, domin a lokacin ana kama mutane da ƙarfi a sa su aikin jirgi. In kayansa suka mutu, sai ya je wurin ma'ajin jirgi ya ɗauki riga ko yadi bashi, a cire daga albashinsa. Wani kyaftin mai hali yakan yi wa 'yan kwalekwalensa ɗinki iri ɗaya daga aljihunsa don a gan shi, amma wannan ra'ayin mutum ɗaya ne, yana barin jirgin abin ya bi shi.

To duk da haka, mutanen wancan zamani sukan gane matuƙin jirgi tun daga nesa. Me ya kawo wannan kamanni alhali babu doka? Aikin ne. A yi tunanin mutumin da aka tasa cikin dare, ana ruwa da iska, ya hau tsanin igiya zuwa saman turken jirgi, ya kifa cikinsa a kan gungumen da ke gicciye, ƙafarsa a kan igiya ɗaya tal, yana tattaro ƙaton ƙyalle jiƙaƙƙe da hannu biyu. Doguwar riga irin ta hafsa za ta harɗe shi. Maɓalli kuwa abin da zai maƙale a igiya ne, ko ya tsinke a tsakiyar teku inda babu kasuwa. Abin da yake bukata gajeriyar riga ce wadda ake zurawa ta ka, mai sakin hammata don hannu ya miƙe, mai buɗaɗɗen wuya, wadda ba ta da wuyar wanki. Wankin ma da ruwan gishiri ake yi, domin ruwan daɗi na sha ne, kuma tufar da ta sha gishiri ba ta bushewa sarai, kullum da danshi. Shi ya sa yadi mai gida-gida na shuɗi da fari ya yi farin jini a jiragen Ingila: yana ɓoye dauɗa da tabon kwalta. Kuma matuƙan nan su ne telolin kansu. Wanda ya iya ɗinke ƙyallen jirgi da basilla, yankan riga ba zai gagare shi ba, har ma akan ware musu yammacin wata rana a mako don ɗinki da faci. Faffaɗar kwala mai kusurwa huɗu ita ce mafi sauƙin yanka ga wanda ba shi da teburin tela, domin miƙaƙƙen yanka ne babu lanƙwasa, babu kuma asarar yadi.

Akwai shaida ɗaya da ido ke iya gani, kuma gani ya kori ji. A 1846 an ɗinka wa Albert Edward, ɗan Sarauniya Victoria wanda daga baya ya zama Sarki Edward na Bakwai, ƙaramar riga irin ta matuƙan jirgin shaƙatawar mahaifiyarsa, yana ɗan shekara huɗu. Mai zane Franz Xaver Winterhalter ya zana shi a cikinta, kuma zanen yana nan har yau. A ciki za ka ga yaro tsaye, hannu a aljihu, da farar taguwa, da faffaɗar shuɗiyar kwala, da baƙin ƙyalle ɗaure a wuya, da wando mai faɗin ƙafa. Wannan shekara 11 ke nan kafin dokar 1857. Ɗan sarki ne ya kwaikwayi talakawan jirgi, a lokacin da hukuma ba ta rubuta ko layi ɗaya a kan yadda rigarsu za ta kasance ba. Haka abin yake a Faransa, inda masunta da matuƙan gaɓar Brittany da Normandy suka daɗe da saƙaƙƙiyar riga mai ratsi kafin gwamnati ta waiwaye ta. Matuƙan Rasha ma sun riƙa sayen irinta a tashoshin Turai kafin sarkinsu ya sa hannu a kanta.

Mataki na biyu shi ne shigowar hukuma, kuma ta ƙofar asibiti ta fara leƙowa. A ƙarni na 18 cuta ta fi igwa kashe sojojin ruwa, kuma ɗaya daga cikin miyagun cututtukan ita ce zazzaɓin taifus, wanda sukan kira zazzaɓin kurkuku ko zazzaɓin jirgi. Likita James Lind, wanda ya shugabanci asibitin sojan ruwa na Haslar kusa da Portsmouth daga 1758, ya lura cewa sababbin kurata ne ke shigo da cutar a cikin tsummokaransu. Sai ya ba da shawara a tuɓe kowane sabon shiga, a yi masa wanka, a ba shi tufa mai tsabta, tsohuwar kuma a turara ta ko a gasa ta. A farkon shekarun 1780 aka soma keɓe wasu jirage a tasha don wannan aiki, kuma likitoci irin su Thomas Trotter suka ci gaba da kiran a yi wa matuƙa tufa iri ɗaya. Lind bai san abin da ke cikin tsumman ba. Sai a 1909 Charles Nicolle ya gano shi a birnin Tunis, bayan ya lura cewa majinyaci yana yaɗa cutar har zuwa ƙofar asibiti, amma da zarar an tuɓe shi an yi masa wanka an sake masa kaya, sai yaɗuwar ta tsaya. Ƙwarƙwata ce ke ɗauke da ita, kuma wannan bincike ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1928. Ashe tun shekara ɗari da hamsin kafin nan, likitan da ke roƙon a ba matuƙi riga ta canji yaƙi yake da ƙwarƙwata bai sani ba.

Amma kiran likitoci kaɗai bai isa ba, tunda an yi kusan ƙarni guda ana jinsa ba a aikata ba. Abin da ya motsa hukuma shi ne sauyin yadda ake ɗaukar soja. A da, matuƙi na jirgi ɗaya ne: in jirgin ya gama tafiyarsa sai a biya shi a sallame shi, kuma babu gwamnatin da za ta tufatar da wanda gobe zai koma jirgin 'yan kasuwa. A 1853 Birtaniya ta ɓullo da aikin dindindin, inda mutum zai sa hannu ya yi shekara goma a rundunar. Yaƙin Crimea ya biyo baya har zuwa 1856, shekara guda bayansa kuma aka fitar da dokar tufafi. Faransa, wadda ta yi yaƙin tare da Birtaniya, ta fitar da tata ranar 27 ga Maris, 1858, wadda ta shigar da riga mai ratsi, wato marinière, cikin kayan ƙananan sojojin ruwa. Rasha ta bi sahu ranar 19 ga Agusta, 1874, lokacin da Sarki Alexander na Biyu ya amince da rigar da suke kira telnyashka, a shekarar da ƙasar ta wajabta aikin soja a kan maza baki ɗaya. Ƙasashe uku, kuma a biyu daga cikinsu dokar riga ta zo dab da sauyin dokar ɗaukar soja. Mutumin da ya zama na gwamnati dole a iya ƙirga kayansa, a jera shi a duba shi ranar Lahadi, a gane shi in ya gudu. A lura kuma da lokacin: Faransa ta jefa jirginta mai sulke, La Gloire, a ruwa a 1859, Birtaniya ta mayar da martani da Warrior a 1860. An hatimce rigar mai hawa igiya ne daidai lokacin da injin tururi ke shirin raba shi da igiyar.

Yanzu mu duba abin da dokar Faransa ta ƙayyade, domin a nan tatsuniyar Napoleon take faɗuwa. Jikin rigar zai kasance da farin ratsi 21, kowane mai faɗin milimita 20, da shuɗin ratsi 20 ko 21, kowane mai faɗin milimita 10. Hannun riga kuma fari 15, shuɗi 14 ko 15. Wanda yake ƙirga nasarorin gwarzo ba ya cewa 20 ko 21, wannan maganar mai awon yadi ce. A yi lissafin: fari ɗaya da shuɗi ɗaya santimita uku ne, sau 21 ya ba da santimita 63, wato kimanin tsawon gangar jikin namiji daga kafaɗa zuwa ƙugu. Hannu kuma santimita 45. Jikin ɗan Adam ne ya yanke adadin, kuma amfanin rubuta shi shi ne ma'aji ya iya shimfiɗa riga a kan tebur, ya ƙirga ratsi, ya gane ko ɗan kwangila ya ci yadi. Shuɗin kuwa baba ne, shi dai wanda marinar Ƙofar Mata a Kano ta sani, rinin da ke jure rana da ruwan gishiri, wanda a lokacin daga gona ake samo shi, tunda na masana'anta bai shigo kasuwa ba sai a 1897. Rinannen zare ya fi fari tsada, kuma a rigar Faransa kashi biyu cikin uku fari ne. A ta Rasha ta farko farin ratsin ya ninka shuɗin sau huɗu, sai a 1912 aka daidaita faɗinsu. A ganina hannun mai tsimin kuɗi ya fi bayyana a nan fiye da na maroƙin sarki.

Tatsuniyar layi uku ta fi wannan sauƙin warwarewa. Turawan Ingila sukan ce Kogin Nilu ne a 1798, da Copenhagen a 1801, da Trafalgar a 1805. Amma kwalar sojan ruwan Rasha ma layi uku gare ta, su kuma sukan ce Gangut ce a 1714, da Chesma a 1770, da Sinop a 1853. Kwalar Faransa ma uku ce, kuma babu mai hankalin da zai ce Faransawa suna ado da ranar da Nelson ya ragargaza jiragensu. Layi ɗaya, adadi ɗaya, kowace ƙasa ta laluba tarihinta ta zaɓo nasara uku ta liƙa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa layin ne ya riga labarin zuwa. Haka baƙin ƙyallen wuya da ake cewa makokin Nelson ne: matuƙa suna ɗaura shi tun kafin a kashe shi, don share gumi.

Mai ja da ni zai iya cewa: to ai kai ma ka yarda aiki ne, me ya sa ba ka ambaci dalilin da kowa ya sani ba, cewa an yi ratsin ne don a hango wanda ya faɗa ruwa? Ban ambace shi ba domin shi ma ina ganin ƙage ne, sai dai ya sa rigar hikima. Rigar mai ratsi ta ciki ce, taguwa ake ɗora mata, abin da ke bayyana ɗan fili ne a ƙirji. Wanda ya faɗa teku kuwa kansa kaɗai ake gani. Sannan shuɗi da fari su ne ainihin launin teku da kumfarta. Da ganin mai nutsewa ake nema, da an zaɓi launin da ya saɓa wa ruwa, kamar yadda rigunan ceto na yau suke ruwan lemo. Ba kowane bayani mai kama da hankali ne tarihi ba.

Wani zai zo ta wata fuskar ya ce na yi wa matuƙa gata da yawa. Kayan sarki ai alamar mallaka ce, kuma ratsi a Turai ba tufar girma ba ce. Masanin tarihin Faransa Michel Pastoureau ya rubuta littafi guda a 1991 yana nuna yadda tun tsakiyar zamanai ake sa wa 'yan kurkuku da wawayen sarki da sauran waɗanda aka ware daga jama'a tufa mai ratsi, kuma har yau hafsan sojan ruwan Faransa ba ya sa wannan riga, ta na ƙasa da shi ce. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma na karɓi rabinta. Gaskiya ne hukuma ta yi amfani da rigar ta ja layi tsakanin mai ba da umarni da mai bi. Sai dai a bambanta tsakanin wanda ya ƙirƙiro abu da wanda ya mayar da shi doka. Da hukuma ce ta zauna ta zana tufar ƙasƙanci daga kanta, da ba a ga rigar a jikin masunta masu zaman kansu tun kafin dokar ba, da kuma Sarauniyar Ingila ba ta sa wa magajinta irinta ba. Abin da hukuma ta yi shi ne ta tarar da riga a jikin mutane, ta auna ta, ta daskarar da ita.

Tambaya ta uku ta fi su wuya. In aiki ne ya haifi rigar, me ya sa ta rayu bayan aikin ya mutu? Mai kula da inji ko na'urar hango jirage ba ya hawa igiya. Amsata ita ce, tufar da mutane suka sha wuya a cikinta takan zama tasu ta wata hanya dabam, kuma a nan ma daga ƙasa ƙarfin ya taso. Sojojin ruwan Rasha da aka sauko da su tudu a Yaƙin Duniya na Biyu aka ba su kakin sojan ƙasa sun ƙi rabuwa da rigarsu mai ratsi, suka riƙa sa ta a ciki. Janar Vasily Margelov, wanda ya jagoranci wata rundunar irin waɗannan matuƙa a 1941, ya ga yadda suke ji da ita, shi ya sa da ya zama shugaban sojojin laima ya nema musu irinta mai ratsin shuɗi mai haske, aka tabbatar da ita a ƙarshen shekarun 1960. A Amurka kuwa, a zamanin Admiral Elmo Zumwalt a farkon shekarun 1970, an yanke shawarar cire wa ƙananan sojojin ruwa taguwa mai kwala a ba su kwat da lakatai irin na manya, da nufin ɗaga darajarsu. Abin bai karɓu ba, kuma ba a cika shekara goma ba aka dawo da tsohuwar. Shugaba ya so ya canza, masu sa rigar suka rinjaye shi.

Saura ƙorafi na ƙarshe, wanda na san yana ran wasunku: ina laifin tatsuniyar? Ba ta kashe kowa ba, tana ƙara wa kurtu ƙaimi, a bar shi da Nelson ɗinsa mana. Laifinta shi ne tana sauya mai haƙƙi. Rigar nan tana cikin 'yan abubuwa ƙalilan da talakan jirgi ya bari a tarihi da hannunsa. Yawancinsu ba su iya rubutu ba, ba a kafa musu gunki a dandali ba, sunayensu suna cikin littafin albashi ne kawai. Abin da suka yanka suka ɗinka a kan gwiwarsu ya zagaye duniya: ya zama kayan yara a gidajen Turai, ya zama kayan makarantar 'yan mata a Japan tun wajen 1920, mai tsara tufafi Coco Chanel ta shigar da shi kasuwar ado, an ɗauki hoton mai zane Picasso a cikinsa. Sai kuma a zo a ce ko ratsin da ke jikinsu ma na wani babban hafsa ne. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Kurtun da aka gaya wa cewa magabatansa ne suka fitar da wannan riga daga wuyar aikinsu, ban ga abin da ya rasa na alfahari ba.

Saboda haka hukuncina shi ne, rigar sojan ruwa matuƙi ne ya ɗinka ta, likita ya roƙa masa ita, ma'aji ya auna ta, sarki sa hannu kawai ya yi. Ku kuma ɗalibai, musamman masu nazarin tarihi, ga abin da nake so ku riƙe: duk lokacin da aka ba ku labari mai daɗi a kan asalin wata tufa ko wata al'ada, ku nemi shekarar da abin ya fara bayyana, ku nemi shekarar da aka fara ba da labarin, ku jera su. In abin ya girmi labarinsa, to ku koma wurin masu aikin hannu ku nemi asalin a can.